Aljeriya da Maroko: masu shiga sharo ba shanu, ku zo mu yi magana

1/ Jama'a, ku ɗan ba ni aron lokacinku. Kwana biyun nan duk inda na leƙa sai in tarar da 'yan Arewa sun rabu gida biyu a kan faɗan Aljeriya da Maroko, kai ka ce Barcelona da Madrid ake bugawa. Wannan ya ce Aljeriya maza, Maroko ta sayar da Falasɗinu. Wancan ya ce Maroko ƙasar waliyyai ce da ci gaba, hassada ce ke cin Aljeriya. Na gaji da gani, yau sai na yi magana. Zaren yana da tsawo, mai sauri ya wuce abinsa.

2/ Bari in faɗi matsayina tun da wuri, kar wani ya ce na yi masa kwana. Faɗan nan ba a kan Falasɗinu aka fara shi ba, ba kuma a kan addini ba. Faɗan ƙasa ne da kujera tsakanin fadar sarki a Rabat da janar-janar na Aljiyas. Ya girmi yawancinmu, ya girmi iyayen wasunmu. Kuma wanda yake shan wahalarsa ba ya cikin masu zuga shi.

3/ A ranar 24 ga Agustan 2021 ministan harkokin wajen Aljeriya na lokacin, Ramtane Lamamra, ya fito ya ce sun yanke hulɗar jakadanci da Maroko. Yawancin masu ihu a nan daga ranar suka san akwai rikici. To ku sani, jerin ƙorafin da shi kansa ya karanto ya faro ne tun daga yaƙin 1963. Shi mai faɗan ya ce tsohon miki ne, kai ɗan kallo kana rantsuwa jiya aka ji ciwon.

4/ Mu koma baya sosai. Faransa ta shiga Aljeriya a 1830. Sarki Abdulƙadir ya tashi yana yaƙarta, Sarkin Maroko ya ba shi mafaka da taimako. Faransa ta juyo kan Maroko, ta ragargaza rundunarta a yaƙin Isli a 1844, kusa da Wujda. Bayan nan dole Maroko ta juya wa Abdulƙadir baya.

Har yau ɗan Maroko zai ce maka saboda ku aka doke mu. Ɗan Aljeriya zai ce kun bashe da gwarzonmu. Dukansu ba ƙarya suke ba.

5/ A 1845 aka yi yarjejeniyar Lalla Magniya. Aka shata iyaka daga bakin teku zuwa kudu kamar kilomita 150, aka tsaya. Sauran wai hamada ce, ba ruwa ba mazauna, ba ta buƙatar iyaka. Daga baya Faransa ta riƙa haɗa yankunan Bashar da Tinduf da Aljeriya, don a ganinta Aljeriya tata ce har abada, Maroko kuwa riƙon ƙwarya take mata. Sannan aka gano baƙin ƙarfe a kusa da Tinduf. Hamadar da ba ta buƙatar iyaka sai ta zama abin so.

6/ Duk da haka, lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, Maroko gida ce ga mayaƙanta. Wujda ce sansaninsu. Bumadyan a can ya kafa mutanensa, har ana kiran su 'yan Wujda. Butafliƙa, wanda ya mulki Aljeriya shekara 20, a Wujda aka haife shi a 1937. Bin Balla, shugaban Aljeriya na farko, iyayensa daga Maroko suka fito. Jirgin da Faransa ta karkatar a 1956 ta kama shi da abokansa, daga Rabat ya tashi.

Waɗannan su ne mutanen da ake gaya muku wai abokan gaba ne tun fil azal.

7/ A 1961 Sarki Hassan na Biyu da Farhat Abbas, shugaban gwamnatin wucin gadin Aljeriya, suka amince a bar maganar iyaka sai an kori Faransa. Aka kore ta a 1962. Maroko ta ce to a zo a yi maganar. Bin Balla ya ce ƙasar da aka ƙwato da jini ba za a yanki ko taku ɗaya a cikinta ba.

8/ Oktoban 1963 aka gwabza, shi ne ake kira yaƙin rairayi. Masar da Kyuba suka kawo wa Aljeriya ɗauki. Haile Selassie da Modibo Keita suka zaunar da su a Bamako aka tsagaita wuta. Makonni kaɗan aka yi ana harbin, amma sojan Aljeriya bai manta ba cewa ƙasarsa tana shekara ɗaya da haihuwa, jini bai bushe ba, maƙwabci ya far mata. Fadar Rabat ita ma ba ta manta an yi mata alkawari an saɓa ba.

9/ Ku lissafa da kanku. Daga 1963 zuwa Disamban 2020 da Maroko ta daidaita da Isra'ila shekara nawa ne? 57. To wane irin dalili ne yake zuwa shekara 57 bayan an fara faɗa?

10/ Sai babban ƙulli, Yammacin Sahara. Sifen ce take mulkin yankin. A Oktoban 1975 Kotun Duniya ta ba da ra'ayinta: ƙwarai wasu ƙabilun yankin sun taɓa yin mubaya'a ga Sarkin Maroko, amma wannan bai kai ya hana mutanen wurin zaɓar makomarsu ba. Hassan na Biyu ya ɗauki rabin farko na maganar ya bar rabin ƙarshe. Ranar 6 ga Nuwamba ya tura mutum 350,000 suka tsallaka da tutoci da Alƙur'ani a hannu. Franco yana gargarar mutuwa, Sifen ta miƙa yankin ga Maroko da Muritaniya ta kama gabanta.

11/ Aljeriya ta rungumi ƙungiyar Polisario, ta ba ta makamai da wurin zama a Tinduf. A 1976 sojojin ƙasashen biyu suka yi arangama a Amgala, Aljeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi, Maroko ta yanke hulɗa. Sai 1988 aka maido. Wato yankewar 2021 ba ita ce ta farko ba, an taɓa yin shekara 12 ba jakada.

12/ Akwai abin da masoyan Aljeriya ba sa son a tuna. Disamban 1975, ana cikin hidimar Babbar Sallah, gwamnatin Bumadyan ta kwashi dubun dubatar 'yan Maroko mazauna Aljeriya ta watsa su bakin iyaka. Wasu a can aka haife su, ba su san ko'ina ba sai can. An raba miji da mata, an raba uwa da 'ya'ya. Laifinsu kawai takardar da ke aljihunsu.

Aljeriya takan ce ai Maroko ma ta ƙwace gonakin 'yan Aljeriya a 1973. Haka ne. Ka ga dai yadda ake yi: gwamnati ta ɓata wa gwamnati, a huce a kan manomi da mai shago.

13/ Yanzu ku masoyan Maroko, ku matso. A 1991 aka tsagaita wuta a kan sharaɗi ɗaya: za a yi ƙuri'ar raba gardama, Sahrawi su zaɓa, ko su tsaya da ƙafarsu ko su shiga Maroko. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa runduna musamman saboda ƙuri'ar nan, har sunan ƙuri'ar yana cikin sunan rundunar. Aka yi ta jan ƙafa a kan wa ya cancanci jefawa. Shekara ta fi 30, ba a ajiye akwati ko ɗaya ba.

14/ Maroko ta gina katangar rairayi mai tsawon kilomita kusan 2,700, ta binne nakiyoyi a gefenta, tana riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na yankin, da ma'adinin takinsa da kifin tekunsa. A 2007 ta ce maganar 'yanci ta wuce, sai dai cin gashin kai a ƙarƙashin tutarta.

Ni dai ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: wanda ya tabbata mutane suna son sa ba ya tsoron akwati.

15/ Su kuwa Sahrawin da suka gudu, suna nan a sansanonin Tinduf shekara 50. Yaron da aka haifa a tanti a 1976 yau yana da jikoki, duk a tantin ko a ɗakin laka, suna jiran motar abincin agaji. Maroko ta hana su komawa a matsayin masu ƙasa. Aljeriya kuma ta mai da su katin da take bugawa duk lokacin da take son ta ƙona wa maƙwabci rai. In da tausayi ne zalla, da an ga alamarsa a irin rayuwar da suke yi.

16/ To ga wanda ya fi ci min rai, iyaka. Agustan 1994 wasu 'yan bindiga suka kai hari otal ɗin Atlas Asni a Marrakesh, suka kashe 'yan yawon buɗe ido biyu 'yan Sifen. Rabat ta zargi jami'an leƙen asirin Aljeriya, ta ƙaƙaba wa 'yan Aljeriya biza, ta kori waɗanda ke ƙasar ba takarda. Aljiyas ta ce haka ne? Ta garƙame iyakar ƙasa gaba ɗaya.

17/ Maroko ce ta fara wulaƙancin, ban musa ba. Aljeriya tana cikin yaƙin basasa a lokacin, ana yanka mutane, maƙwabci ya zo ya ƙara mata da zargi. Amma Maroko ta janye bizar a 2004, Aljeriya ta janye tata a 2005, ƙofar kuwa har yau tana kulle. Kuma mabuɗin yana Aljiyas.

18/ Ku da kuke Katsina, Jibiya, Maraɗi, Illela, Ƙonni, ba sai na yi muku dogon bayani ba. Kun tuna 2023 da aka rufe tsakanin Najeriya da Nijar bayan juyin mulki? Wata bakwai da 'yan kai ne, amma an ji a jika. Kaya suka ruɓe a mota, biki ya gagara, ta'aziyya sai ta waya.

To ku ɗauki wannan ku mai da shi shekara 30 da ɗoriya. Abin da kuke tafa wa ke nan.

19/ Wujda da Magniya tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a mota. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, kiɗa ɗaya, auratayya ta ɗaruruwan shekaru. Yau wanda mahaifiyarsa ta rasu a tsallake sai ya nemi jirgi, ya bi ta Tunis ko ta Turai, ya sauka, ya sake hawa mota ya dawo kusa da inda ya taso. Kafin ya iso an yi sadakar uku. Wanda ba shi da kuɗin jirgi kuwa sai dai ya yi kuka a gida.

20/ Akwai wani wuri kusa da garin Sa'idiyya, ana ce masa Bainal Jurf. Titin Maroko a wannan gefe, titin Aljeriya a wancan, ƙaramin kwari da waya a tsakani. Mutane sukan yi alkawari ta waya, su zo su tsaya, wannan ya ɗaga hannu wancan ya ɗaga. A ɗaga jariri sama don kaka ta gan shi daga nesa. Ku nemi hotunan ku kalla. In kun kalla kun iya ci gaba da rubuta "Aljeriya maza", to ban da abin cewa.

21/ A Maris 2021 manoman dabino na Figig, 'yan Maroko da suka gaji gonakinsu a wani yanki da taswira ta ce na Aljeriya ne, aka ba su wa'adi su tattara su bar wurin. Itacen da kakanninsu suka dasa. A Agustan 2023 wasu matasa masu wasa da babur ɗin ruwa suka ɓace hanya daga Sa'idiyya suka shiga ruwan Aljeriya, masu gadin teku suka buɗe wuta, biyu suka mutu. A Nuwamban 2021 kuma direbobin manyan motoci uku 'yan Aljeriya aka kashe a hanyar Muritaniya, Aljiyas ta ce Maroko ce ta yi musu luguden.

Manomi, direba, yaro mai wasan ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

22/ Yanzu mu zo kan Isra'ila, tunda ita ce sandar da kuke dukan kowa da ita. Ba zan wanke Rabat ba. Abin da aka yi ranar 10 ga Disamban 2020 ciniki ne tsagwaronsa: Trump ya ce Yammacin Sahara ta Maroko ce, Maroko ta buɗe wa Isra'ila ƙofa. A Agustan 2021 Yair Lapid ya tsaya a ƙasar Maroko yana sukar Aljeriya. A Nuwamba Benny Gantz ya zo Rabat aka sa hannu a yarjejeniyar tsaro. Duk wanda yake zaune a Aljiyas ya ga haka a bayan katangarsa, dole hankalinsa ya tashi.

23/ Ƙara da cewa a Yulin 2021 jakadan Maroko a Majalisar Ɗinkin Duniya, Umar Hilal, ya raba takarda yana cewa mutanen Kabiliya na Aljeriya ma sun cancanci zaɓar makomarsu. Tsokana ce da gangan. A watan ne kuma rahoton Pegasus ya fito, aka zargi Maroko da leƙen wayoyin manyan Aljeriya, ita ta musanta. Sarki yana jawabi yana cewa ya miƙa hannun zumunci, jakadansa yana can yana soka wuƙa. Wannan miƙa hannun sai a yi hattara da shi.

24/ Kuma Aljeriya tana da tarihin da ba a ƙwace mata. A Aljiyas Yasir Arafat ya ayyana ƙasar Falasɗinu a Nuwamban 1988. Da take Kwamitin Sulhu a 2024 ita ta kai daftarin tsagaita wuta a Gaza wanda Amurka ta hau kujerar na ƙi a kansa. Na yarda, na jinjina.

25/ Amma ku amsa min. Ƙofar da aka kulle a 1994, saboda yarjejeniyar 2020 aka kulle ta? Tsohuwar da aka hana ganin 'yarta a Tilimsan, ita ta gayyato Lapid? Kuma su waye suka cika titunan Rabat da Kasablanka da Tanja, mako bayan mako, suna neman a soke hulɗa da Isra'ila tun da aka fara ruwan wuta a Gaza? 'Yan Maroko ne. Waɗannan da kuke zagi a dunƙule. A Aljiyas kuwa, tun da aka murƙushe zanga-zangar Hirak, fita titi sai gwamnati ta ga dama, ko da don Falasɗinu ne.

26/ Bayan yanke hulɗa sai matakai suka biyo. Satumban 2021 Aljeriya ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Maroko. Ƙarshen Oktoba ta ƙi sabunta kwangilar bututun gas da ke ratsa Maroko zuwa Sifen tun 1996. Me ya faru? Ta ci gaba da sayar wa Sifen ta wani bututun da ke bi ta ƙarƙashin teku. Maroko ta koma sayen gas a kasuwar duniya, ana sauke mata a Sifen, ana turo mata ta wannan bututun dai, an juya shi baya. Bature ya samu ciniki biyu a inda yake da ɗaya.

27/ Satumban 2024 aka dawo da biza a kan 'yan Maroko. Da girgizar ƙasa ta afka wa Maroko a Satumban 2023, Aljeriya ta buɗe sama don jiragen agaji ta kuma yi tayin taimako, Rabat ba ta karɓa ba. Mutane suna ƙarƙashin ƙasa, manya suna lissafin wa zai ce ya fi wani.

28/ Abin har ya zama abin dariya. An yi rigima a kan zanen rigar da Adidas ta yi wa 'yan ƙwallon Aljeriya, Maroko ta ce adon gine-ginenta aka sata. Ana rigima a kan wa ya ƙirƙiri kaftani. Maroko ba ta je gasar CHAN ta 2023 a Aljeriya ba, tana riƙe da kofin, saboda an hana jirginta sauka kai tsaye. A 2024 wasan USM Alger da Berkane ya watse saboda taswirar da ke jikin riga.

29/ Amma ku tuna 2019, shekarar da Mahrez ya ɗirka mana bugun tazara a minti na ƙarshe (har yau ban yafe ba). Da Aljeriya ta ɗauki kofin, 'yan Maroko sun fito titi suna murna, wasu har bakin wayar iyaka, ana amsa wa juna "khawa khawa", wato 'yan'uwa ne. A 2022 da Maroko ta kai kusa da na ƙarshe a kofin duniya, 'yan Aljeriya da dama sun rama musu. Mutanen sun san junansu. Ƙiyayyar nan noma ta ake yi, da gidajen talabijin da rundunonin intanet, kuma wasunku sun zama 'yan ƙodago a gonar ba tare da an biya su ba.

30/ Me ya sa ba a son ta ƙare? Don tana da amfani. Hassan na Biyu ya tsallake yunƙurin juyin mulki biyu, 1971 da 1972, duka daga sojojinsa. Maganar Sahara ce ta haɗa masa kan 'yan adawa ta kuma tura sojan can kudu nesa da fada. A Aljeriya kuwa soja ne gwamnati tun 1962, kuma sojan da ke cin kasafin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka, sama da dala biliyan 20 a 2024, yana buƙatar abokin gaba da zai nuna wa talaka.

31/ Sakamakon: ƙungiyar haɗin kan Magrib da aka kafa a Marrakesh a 1989, rabon shugabanninta su zauna tun 1994. Cinikin da ƙasashen yankin ke yi a tsakaninsu bai kai kashi 5 cikin 100 na kasuwancinsu ba. Matasan Wahran da na Nador kuwa hanya ɗaya suke bi, kwalekwale zuwa Sifen, teku tana cin na ci.

32/ A fagen diflomasiyya Maroko ce ke gaba yanzu, ko an so ko an ƙi. Sifen ta goyi bayan shirinta a 2022, Faransa a 2024, Birtaniya a 2025. Ƙarshen Oktoban 2025 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai ɗaukar shirin cin gashin kan a matsayin tushen tattaunawa, Aljeriya ta ƙi shiga ƙuri'ar. Samun goyon bayan manya ba shi ne gaskiya ba, mu da muke kallon Gaza mun fi kowa sani. Amma ya nuna cewa kulle ƙofa na shekara 30 bai matso da Sahrawi kusa da akwati ko da taku ɗaya ba.

33/ Saura mu. Masu cewa Maroko ƙasar Shehu Tijjani ce: ƙwarai a Fas kabarinsa yake, amma a Ainu Madi aka haife shi, cikin Aljeriya. Gwamnatocin biyu sun daɗe suna ja-in-ja a kan wa zai riƙe ragamar ɗariƙar, don sun san yawan mabiyanta a Najeriya da Nijar da Senegal. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Rumfa ɗan Tilimsan ne. Malamanmu na da sun sha daga ɓangarorin biyu, ba wanda ya tambaye su biza. Kar a mai da zikirinku kayan kamfe.

34/ Kuma kafin ka kira wata a cikinsu uwa, tambayi yadda take karɓar mai kalar fatarka. Aljeriya tana kwasar baƙaƙen fata a manyan motoci, ta zube su a hamada a wurin da ake kira Point Zero, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. Da yawansu Hausawa ne, mata da yara daga yankin Damagaram. Masu sa ido sun ƙirga sama da mutum 30,000 a 2024 kaɗai.

35/ Maroko fa? Ranar 24 ga Yunin 2022, a shingen Melilla, aƙalla mutum 23 suka mutu bisa lissafin hukumominta da kansu, yawancinsu 'yan Sudan. Duniya ta ga bidiyon mutane zube a ƙasa kamar buhuna, jami'ai na tsaye a kansu. Dukansu biyu gadin ƙofar Turai suke yi, kuma mu ne ake karewa.

36/ Abuja ta fi ku wayo a wannan. Najeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi a Nuwamban 1984, zamanin Buhari na soja, Ibrahim Gambari yana ministan waje, a daidai lokacin da Maroko ta fice daga ƙungiyar haɗin kan Afirka. Buharin nan dai shi ya tarbi Sarki Muhammad na Shida a Abuja a Disamban 2016, aka ƙulla maganar taki da bututun gas. Ba a janye amincewar ba, ba a fasa cinikin ba.

37/ Yanzu bututu biyu ake mana zawarci da su. Na Maroko zai bi gaɓar teku ta ƙasashe 13, kilomita sama da 5,000, kuɗin da ake ambata dala biliyan 25. Na Aljeriya zai ratsa Arewa da Nijar zuwa Hassi Ramal, kilomita sama da 4,000. Duk lokacin da ɗaya ta sa hannu a takarda sai ɗayar ta kira taro. Nijar ma haka: Rabat tana yi wa ƙasashen Sahel tayin hanya zuwa tekun Atlantika, Aljiyas tana tuna musu wa ke bakin iyakarsu.

38/ In akwai abin da ya kamata ɗan Kano ko ɗan Agadas ya ɗaga murya a kai, shi ne wannan. Wanne ne zai bi ta ƙasarmu? In ya bi, za a sauke mana gas mu kunna masana'antu ko wucewa zai yi ta ƙarƙashin ƙafarmu zuwa Turai? Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614 kacal, an ƙaddamar da shi a 2020, an ɗage ranar gamawa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ban ga an yi zare a kansa da zafin da ake zagin Hakimi ko Mahrez ba.

39/ Na san abin da zai biyo baya, don haka ga sharaɗina. Ɗan Maroko na Arewa, kafin ka zage ni, gaya min dalilin da ya sa ƙuri'ar da aka yi alkawari a 1991 ta gagara. Kar ka turo min hoton jirgin ƙasa mai gudu ko filin wasa, na gani, suna da kyau, ba su ne tambayar ba.

40/ Kai kuma ɗan Aljeriya na Arewa, kawo min sunan Bafalasɗine ɗaya, ko Basahrawi ɗaya, da rayuwarsa ta gyaru saboda an hana wata tsohuwa a Wujda zuwa jana'izar ƙanwarta a Magniya. Ɗaya tak. Ina nan har bayan isha'i, in wuta ba ta ɗauke ba.